Taurarin Takarda: Yadda Ake Auna Sabbin 'Yan Wasan Jami'a a Amurka

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare. Kwanan nan na ga 'yan uwa masu bin ƙwallon Amurka suna ta yaɗa jadawalin jami'o'in da suka fi kwasar sabbin 'yan wasa bana, ana musu a kan wa ya zo na ɗaya, wa ya zo na biyar, har wasu sun fara raba kofi tun yaran ba su sa riga ba. Ni dai abin da na fahimta a shekarun da na yi ina bin wasan nan shi ne, jadawalin ranar sa hannu yana faɗin wani abu na gaskiya, amma kaɗan yake faɗa, kuma kullum abin da yake faɗa ƙara raguwa yake yi. Bari in kawo tarihin yadda aka zo nan, sai kowa ya yi nasa hukuncin.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba tukuna. A ƙwallon da muka saba kallo ta Turai, kulob ne ke rainon yaro a makarantarsa tun yana ƙarami. A ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu ana ture juna, jami'a ce ke wannan aikin. Babbar gasar ƙwararru ta NFL ba ta ɗaukar ɗan wasa sai ya yi shekara 3 da gama sakandare, don haka duk yaron da ke da buri dole ya bi ta jami'a. Abin ya daɗe, tun wasan Rutgers da Princeton a 1869, kuma ya girma har filin wasan Jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000. Filin makaranta fa, ba na ƙasa ba. Kowace shekara manyan ɗalibai suna gamawa su tafi, koci kuma dole ya bi gari gari, gida gida, ya zauna a falon iyayen yaro ɗan shekara 17 yana lallashi. Yaran da ya samu a shekara guda su ne ake kira zubin wannan shekarar, kuma su ake aunawa.

Kuɗi sun shiga harkar tun da wuri. A 1929 Gidauniyar Carnegie ta fitar da rahoto da ya nuna jami'o'i da yawa suna tallafa wa 'yan wasa ta bayan fage. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta daɗe tana kokawa da abin, sai a 1956 ta halatta ba ɗan wasa tallafin karatu a fili: kuɗin makaranta, ɗaki da abinci. A 1964 aka ƙirƙiro takardar alƙawari ta ƙasa, wadda idan yaro ya sa mata hannu, sauran makarantu za su janye. Daga nan ne ranar sa hannu ta samo asali, Laraba ta farko a watan Fabrairu, kafin a ƙara wani lokacin a Disamba tun daga 2017.

A wancan zamanin ba ruwan kowa da tauraro, yawa ake nema. Makaranta mai kuɗi za ta kwashi yara gomma-gomma, wasu ma ba don tana buƙatarsu ba sai don kada abokiyar hamayya ta samu. Ana yawan ba da wannan labarin a kan Bear Bryant na Alabama. Shi ya sa a 1973 NCAA ta sa iyaka, tallafi 105 ga kowace ƙungiya, aka rage zuwa 95 a 1978, aka sake ragewa zuwa 85 a farkon shekarun 1990. Wannan iyakar ce ta sa auna yaro ya zama sana'a, don idan kujerunka ƙidayayyu ne, kowane kuskure yana da tsada. Wani babban sauyin kuma shi ne na launin fata. Har zuwa ƙarshen shekarun 1960 manyan makarantun kudancin Amurka fararen fata zalla suke ɗauka. A 1970 ƙungiyar USC ta zo Birmingham ta lallasa Alabama da 42 da 21, baƙar fata Sam Cunningham yana ratsa su yadda ya ga dama. A lokacin Alabama ta riga ta ɗauki baƙar fatarta na farko, Wilbur Jackson, amma ƙa'ida ba ta barin ɗan ajin farko ya buga, yana zaune yana kallo. Cikin 'yan shekaru fuskar ɗaukar 'yan wasa a kudu ta canja gaba ɗaya.

Sai zamanin ambulan. Wanda ya fi shahara shi ne na SMU da ke Dallas. A 1979 wani yaro mai gudun tsiya, Eric Dickerson, ya yi wa Texas A&M alƙawari, mutane suka gan shi da sabuwar mota Pontiac Trans Am mai ruwan zinare, can kuma sai ga shi ya sa hannu da SMU. Makarantar ta yi ta cin wasa a farkon shekarun 1980, amma bincike ya nuna attajirai masu goya mata baya suna biyan 'yan wasa wata wata, har bayan an ja mata kunne. A Fabrairun 1987 NCAA ta soke mata kakar wasa sukutum, hukuncin da suke kira na kisa, ita kuma ba ta iya haɗa ƙungiya a 1988 ba. Gwamnan Texas na lokacin, Bill Clements, ya fito ya amsa cewa lokacin da yake shugabantar hukumar makarantar sun san ana biyan kuɗin kuma sun bari a ci gaba. A shekaru 20 da suka biyo baya, sau ɗaya tak SMU ta gama kaka da nasarori fiye da asara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Taurarin da ake musu a kansu yau sababbi ne. Da zuwan intanet ne kamfanoni irin su Rivals suka fara bin yaran sakandare suna ba su maki, daga farkon shekarun 2000, sai 247Sports ya biyo baya a 2010. Yara sama da miliyan ɗaya ke buga wasan a sakandaren Amurka, amma masu taurari 5 ba sa wuce talatin da 'yan kai a shekara. Ƙasa da su akwai 'yan ɗaruruwa masu 4, sannan tulin masu 3. Ana tara makin yaran da makaranta ta ɗauka, a jera makarantu. Shi ke nan jadawalin.

Shin yana aiki? A dunƙule, e, kuma duk wanda ya ce maka taurari shirme ne bai duba ba. Wani ɗan jarida, Bud Elliott, ya lura cewa shekara da shekaru, har zuwa kakar 2024, duk ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa, fiye da rabin yaran da ta ɗauka a shekaru 4 na baya masu taurari 4 ko 5 ne. Amma a kan yaro ɗaya ɗaya, kuskure ya yi yawa. J.J. Watt taurari 2 aka ba shi, har rabon fiza ya yi kafin ya samu wuri a Wisconsin, ya zama ɗaya daga cikin masu tsaron baya mafi ban tsoro a NFL. Josh Allen ya gama sakandare babu babbar makarantar da ta neme shi, sai da ya bi ta ƙaramar kwaleji kafin Wyoming. Stetson Bennett ya shiga Georgia ba tare da tallafin karatu ba, kuma shi ya jagorance ta ta ci kofi sau biyu a jere, 2021 da 2022. Mu ma nan mun san wannan ciwon. Macauley Chrisantus ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 'yan ƙasa da 17 ta duniya a 2007, Victor Osimhen kuma a 2015, kowa ya ga inda hanyar kowannensu ta nufa. Yaro ɗan 17 bai gama zama abin da zai zama ba. Wani ma bai san wasan ba: Prince Tega Wanogho daga jihar Delta ya tafi Alabama ne don ƙwallon kwando, ya buga ta Amurka shekara ɗaya kacal, aka ba shi taurari 4 saboda tsawonsa da gudunsa, Auburn ta ɗauke shi a 2015. An ɗauke shi a matsayin mai tsaron baya, a ƙarshe a layin masu kare madugu ya yi suna.

To, yanzu ga zubi biyu da nake so mu ajiye kusa da juna.

Nick Saban ya karɓi Alabama a Janairun 2007, makaranta mai tsohon suna da ta daɗe tana tangal-tangal. Kakarsa ta farko ci 7 asara 6 aka yi a fili, har da wata asarar kunya a gida a hannun Louisiana-Monroe. Da wannan sakamakon ya fita neman yara, kuma a Fabrairun 2008 ya haɗa zubin mutum 32 da Rivals ya sa a na ɗaya. Wanda kowa ke jira shi ne Julio Jones, mai cafke ƙwallo daga garin Foley a cikin jihar, wanda ya bari sai ranar ƙarshe ya sanar a talabijin. Shi kam ya cika alƙawari tun wasansa na farko. Amma a duba sauran masu taurari 5 na wannan zubin a lissafin Rivals, B.J. Scott da Tyler Love. Scott ya ƙare da komawa South Alabama, Love kuma bai taɓa zama ginshiƙi ba. Wato cikin manyan uku, ɗaya ne ya fito yadda aka zata.

Waɗanda suka ɗauki nauyin suna ƙasa a jerin. Mark Ingram, daga Flint ta jihar Michigan, ba shi ne ake ta yayatawa ba, amma a 2009 ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a, karo na farko a tarihin Alabama. Marcell Dareus taurari 3 Rivals ya ba shi. A wasan ƙarshe da Texas a Janairun 2010, shi ya buge madugunsu Colt McCoy ya fita daga wasa, ya kuma ƙwace ƙwallo ya kai ta gida, aka tashi 37 da 21. A zaɓen NFL na 2011 shi aka ɗauka na 3, Julio na 6, Ingram na 28. Shekara ta zagayo aka ɗauki Mark Barron na 7 da Dont'a Hightower na 25. Mutum 5 ke nan a zagayen farko daga zubi ɗaya. Courtney Upshaw ne gwarzon masu tsaron baya a daren da suka doke LSU 21 da 0 a Janairun 2012. Wanda ya fi burge ni kuwa shi ne Barrett Jones, wanda ya zauna shekara 5, ya ci kofin ƙasa sau 3, kowane a gurbi daban na layin gaba. Duk inda aka samu giɓi, can ake tura shi ya koyi aikin. Irin wannan ba ya fitowa a jadawalin Fabrairu.

Abin lura a nan shi ne yaran sun zauna. A wancan lokacin idan ka bar makaranta ka koma wata, sai ka yi shekara guda ba ka buga ba, don haka wanda bai samu wuri a ajin farko ba yakan haƙura, ya ɗaga ƙarfe, ya ci abinci, ya jira. Kocin ma bai je ko'ina ba. Saban ya zauna har Janairun 2024, ya ci kofi 6 a Alabama, tsarin da yaro ya tarar ranar da ya zo shi ne wanda zai bari ranar da zai tafi.

Sai na biyun. A Fabrairun 2022 Texas A&M, ƙarƙashin Jimbo Fisher, ta haɗa zubin da 247Sports ya ce bai taɓa ganin mai maki kamarsa ba, masu taurari 5 har 8. Amma duniya ta riga ta canja. A Oktoban 2018 aka buɗe rajistar sauya sheƙa, inda ɗan wasa zai sa sunansa kowace makaranta ta neme shi. A Afrilun 2021 aka cire hukuncin zaman shekara guda ga mai sauyawa karo na farko. Daga 1 ga Yulin 2021 kuma aka halatta ɗan wasa ya karɓi kuɗi a kan sunansa da hotonsa, nan da nan attajirai suka kafa ƙungiyoyin tara kuɗi. Kusan abin da aka rufe SMU a kansa ke nan, sai dai yanzu da rasit. A watan Mayun 2022 Saban ya tsaya gaban 'yan kasuwa ya yi zargin cewa A&M sayen yaranta ta yi kaf. Washegari Fisher, wanda tsohon mataimakinsa ne a LSU, ya kira 'yan jarida ya ƙaryata, ya wanke tsohon maigidansa tas, har sai da hukumar gasarsu ta SEC ta tsawata wa su biyun.

Kaka ta fara A&M tana ta 6 a ƙasa. A mako na biyu Appalachian State ta zo har gida ta doke ta 17 da 14. Aka yi asara 6 a jere a tsakiyar kaka, aka gama da ci 5 asara 7. Daga nan yara suka fara zamewa. Walter Nolen ya tafi Ole Miss, Evan Stewart ya tafi Oregon, Denver Harris ya tafi LSU, LT Overton kuma, abin dariya, Alabama ya koma. A Nuwamban 2023 aka sallami Fisher, da kuɗin sallama sama da dala miliyan 75, mafi yawa da aka taɓa biyan koci don ya tafi gida. Madugun zubin, Conner Weigman, shi ma daga baya ya koma Houston.

Kar a ce masu ba da taurarin sun yi kuskure, don ba su yi ba sosai. A zaɓen NFL na 2025 an ɗauki Nolen na 16, aka ɗauki Shemar Stewart, wanda ya zauna a A&M, na 17. Yaran suna da kyau. Amma shekarar da Nolen ya fi haskawa, Ole Miss ce ta ci moriyarta. A&M ta yi reno, wasu suka yi aure.

Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna wurin aiki. Idan aka ɗauki sababbin ma'aikata, kowa takardunsu yake kallo, wane yana da babban digiri, wance ta fito da daraja ta ɗaya. Sai bayan shekara uku za ka san wa zai iya rubuta minti a fayil ba a mayar masa ba, kuma sau da yawa wanda ya fi iyawa a lokacin ya riga ya samu wani wurin ya tafi. Ofishin da ba shi da wanda zai zaunar da yaro ya koya masa, ko wa ya ɗauka haka zai bar shi.

Don haka ni idan aka miƙo mini jerin sabon zubi, lambar da ke sama ita ce ta ƙarshe da nake dubawa. Nakan fara da ƙattin layi, masu nauyin kilo 130 zuwa sama da ke iya gudu, don su ne ba a samu a kasuwa da araha, kuma su ne ke buƙatar shekara biyu ko uku kafin su nuna. Zubin da ya cika da masu cafke ƙwallo yana da daɗin kallo a bidiyo, maki ma yakan hau, amma ƙwallo ɗaya ce a fili, uku daga cikinsu za su fusata su tafi kafin shekara ta zagayo. Nakan duba ko an cike gurbin da za a rasa baɗi ne ko an tara mutane a inda dama akwai cunkoso. Nakan duba daga ina yaran suke, don ɗan gida da mahaifiyarsa ke zuwa kallo ranar Asabar ya fi wuyar ɗagawa fiye da wanda aka ɗauko daga wata kusurwar ƙasar. Sannan kujerar kocin, tana girgiza ko tana nan daram. Mataimakin da ya zauna a falon iyayen yaro ma, idan ya samu wani aikin ya tafi, sau da yawa yaron bin sa yake yi. Jadawalin kuma yana da wata dabara, yawan yara yana ƙara maki, don haka makarantar da ta ɗauki 28 za ta iya hawa kan wadda ta ɗauki 18 da suka fi nata kyau ɗaya ɗaya.

Ƙa'idojin ma ba su daina motsi ba. A Oktoban 2024 aka soke takardar alƙawarin nan ta 1964 a babban rukuni. A Yunin 2025 kotu ta amince da yarjejeniyar da ta ba makarantu damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga duk wasannin makaranta, aka maye iyakar tallafi 85 da iyakar mutum 105 a ƙungiya. SMU kuwa, da kuɗin attajiran Dallas, ta shiga gasar ACC a 2024 kuma a shekarar ta kai wasannin neman kofi.

Akwai wani mutum da ya haɗa labaran nan biyu. Jami'in da ke kula da ɗaukar 'yan wasa a Alabama lokacin da aka haɗa zubin 2008, kuma kocin da ya horar da Julio Jones, sunansa Curt Cignetti. A 2011 ya bar Alabama ya tafi wata ƙaramar makaranta a Pennsylvania don ya zama shugaban kansa, daga nan Elon, daga nan James Madison. A ƙarshen 2023 Indiana ta ɗauke shi, makarantar da a lokacin ta fi kowace yawan asara a tarihin babban rukuni, kuma ta gama kakar da ci 3 asara 9. Bai tsaya gasar taurari da su Ohio State ba, don ya san ba zai ci ba. Ya taho da 'yan wasa 13 daga James Madison, ya shiga rajistar sauya sheƙa yana neman manya waɗanda suka riga suka buga wasanni da yawa aka ga aikinsu, ko da a ƙaramar makaranta ne. A 2024 Indiana ta ci wasa 11, abin da ba ta taɓa yi ba. A kakar 2025 ya ɗauko madugu daga Jami'ar California, Fernando Mendoza, wanda manyan makarantu ba su kula shi ba lokacin yana sakandare. Mendoza ya ci Heisman, Indiana ta haɗu da Alabama a Rose Bowl ranar 1 ga Janairun 2026 ta doke ta 38 da 3, sannan ta doke Miami 27 da 21 ta ɗauki kofin ƙasa, wasa 16 ba asara ko ɗaya. Ita ce ta karya lissafin Bud Elliott, kuma babu ko ɗaya daga zubinta na sakandare na shekarun da suka gabata da ya shiga goman farko a jadawalin da ake ta yaɗawa.